Idan Oga Ya Ba Ka Takardar Tuhuma, Kada Ka Fara Amsa da "A Yi Haƙuri"

[Hoto: safiya a Kwangila, Zariya, ma'aikata na rububin abin hawa zuwa Samaru da Sabon Gari]

Assalamu alaikum. Muhawara kan yi zafi a Facebook da TikTok kan shugaban wurin aiki mai tsawa da cin mutunci. Wasu na cewa ka ɗauke shi bidiyo ka watsa kowa ya gani. Wasu na cewa ka danne zuciya, ai abinci ka fito nema. Duk ɓangarorin biyu sun tsallake wurin da ma'aikata da yawa ke faɗuwa, wato ranar da faɗan ya tashi daga baki ya koma takarda. A nan za mu daɗe yau, sauran kuwa za mu bi su da sauri.

[Hoto: ofis, oga a tsaye yana nuna yatsa, an kashe sauti]

Lokacin da ake maka tsawa, kada ka rama a gaban mutane. Ka sauke muryarka ƙasa da tasa, ka mayar da maganar kan aiki: "Ranka ya daɗe, na ji. Wanne kake so in fara gyarawa?" Mai faɗa yana jiran musu ne, idan bai samu ba wutar takan ragu. In ya koma zagin iyaye, ka ce "Yallaɓai, zan dawo in an huce," ka koma inda akwai idon jama'a. In ya kai hannu jikinka, wannan ya wuce hurumin ofis, maganar 'yan sanda ce. Shi kuwa bidiyon da ake zuga ka ka watsa, ka sani an sha kama mutane a Najeriya da dokar laifuffukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. Kana iya shiga da gaskiyarka ka fito kai ne ake ƙara.

[Hoto: hannu na rubutu a ƙaramin littafi]

A ranar, kafin ka kwanta, ka rubuta abin da ya faru: kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, kalmomin da ya faɗa kamar yadda ya faɗe su, da waɗanda ke wurin. Kada ka rubuta "ya wulaƙanta ni," ka rubuta abin da ya fito daga bakinsa. Littafin nan a gida zai zauna. Kada ka ajiye shi a durowar ofis ko kwamfutar ofis, don ranar da aka karɓe makulli shi ke nan ya tafi.

In kuma ya ba ka umarni da baki, musamman wanda ya shafi kuɗi ko kaya, ka bi shi da gajeren saƙo ta WhatsApp ko imel: "Yallaɓai, kamar yadda ka umarta da ƙarfe 11 na safiyar yau, na fitar da katan 40 daga sito, takardar fitarwa za ta biyo baya." Babu zargi a ciki, babu rashin kunya. Ko bai amsa ba, saƙon na nan da ranarsa da lokacinsa.

[Hoto: masinja na miƙa ambulan, ma'aikaciya na buɗewa]

To, ga inda muke son zuwa. Bayan mako biyu lissafin sito bai cika ba, sai ga takardar tuhuma. An rubuta cewa ki yi bayani cikin awa 24, ko 48, ko 72, dalilin da zai hana a hukunta ki. Dubi irin amsar da ake yawan rubutawa, ga ta a kan allo.

[Rubutu a allo: "Ranka ya daɗe, don Allah a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne, ba zan sake ba."]

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan magana. Da ita ake kashe rigima tsakanin ɗa da uba, tsakanin yaro da maigida a kasuwar Sabon Gari. Ko ba ka da laifi kana faɗinta don girmama na gaba, shi ma ya san ladabi ne, sai ya ce ya wuce. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba mu ce a bar ta ba. Amma takardar nan ba oga kaɗai zai karanta ba. Fayil za ta shiga. Bayan wata shida ko shekara, kwamitin ladabtarwa ne zai buɗe ta, ko alƙali. Ba su ji tsawar ba, ba su san cewa shi ya ce a fitar da kayan ba. Abin da za su gani shi ne "ba zan sake ba," da sa hannunki a ƙasa. A wurinsu kin amsa laifi da kanki, kuma ba wanda ya tilasta miki.

Don haka a raba biyu. Ban-haƙuri na baki ne, ki same shi a ofis ki gaishe shi ki ba shi girmansa. Takarda kuwa wurin bayani ce.

[Hoto: farar takarda, rubutu na bayyana layi bayan layi]

Ga yadda amsar ke tafiya. Layin farko, ki ambaci takardar da kike amsawa, da lambarta da kwanan watanta. Sai abin da ya faru, bi da bi, rana da lokaci: ranar kaza da ƙarfe 11 aka umarce ni in fitar da katan 40, na fitar, na tura saƙon tabbatarwa da ƙarfe 11 da kwata. Sai hujja, ki buga hoton saƙon a takarda ki maƙala, ki ce ga shi haɗe. In akwai ɓangaren da kuskurenki ne da gaske, misali ba ki shigar da kayan cikin littafin sito a ranar ba, ki amsa wannan kaɗai, ki faɗi yadda kika gyara. Amsa ƙaramin kuskure na gaskiya yana ƙara wa sauran bayaninki nauyi. Ki rufe da ladabi. Shafi ɗaya ya isa.

Abin da aka tambaya kaɗai za ki amsa. An tambaye ki katan 40, kada ki janyo makarar da kika yi watan jiya, ko rigimarku ta bara.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na farko, kuma a ganina ya fi saurin kai mutum waje. Shi ne wanda zai zauna cikin dare zuciya na tafasa ya cika shafi uku da laifuffukan oga: kai ma kana zuwa a makare, kai ma mun san abin da kake yi. Ko duk gaskiya ne, ka ba shi abin da bai da shi a da, wato hujjar rashin ɗa'a a rubuce, kuma takardar tuhuma ta biyu za ta zo a kan wannan. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa wa hannu. Ƙorafinka a kansa takarda ce daban, da za ta tafi wani ofishi daban, a wata rana daban. Ka rubuta amsa da dare in kana so, amma kada ka miƙa sai ka sake karantawa bayan sallar asuba.

[Hoto: hatimi na sauka kan takarda]

Wasu ƙananan abubuwa da ke kayar da mutane. Kada ka ƙi karɓar takardar, ƙin karɓa laifi ne na kansa. Sa hannun karɓa ba amsa laifi ba ne, ka rubuta "na karɓa" da rana da lokaci, don daga nan wa'adin ke fara ƙirguwa. In lokacin ya yi kaɗan, ka nemi ƙari a rubuce kafin ya cika. Amsarka kwafi biyu za ka yi, a buga hatimi a sa hannu a kan naka, ka tafi da shi gida. In an ƙi bugawa, ka miƙa ta rajista ko ka tura ta imel. Yawanci da Turanci ake amsawa, to in wani ya taimaka maka, kamar sakataren ƙungiyarku, ka sa ya fassara maka kowane layi kafin ka sa hannu. Kuma ko da wasa kada ka sa hannu a farar takarda, ko takardar ajiye aiki da wani ya rubuta maka.

Kada ka yi yajin ƙashin kai, ka zauna a gida don fushi. A dokokin aikin gwamnati, ƙin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da ke iya kaiwa ga kora.

[Hoto: hanyar Zariya zuwa Kaduna]

In abin ya ƙi ƙarewa, ka fara da na sama da shi ko ofishin kula da ma'aikata, sai ƙungiyar ƙwadago. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kyauta take sauraron ƙorafi. Sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'ar aiki, tana da reshe a Kaduna. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, a 2022. Duk inda ka je cikin waɗannan, abin da za a fara tambayarka shi ne takardunka.

In tafiya ka zaɓa, ka tafi bisa ƙa'ida. Dokar Ƙwadago ta ce kafin a bar aiki ana ba da sanarwar kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama, kuma ta mako 1 ko fiye a rubuce ake yinta. Manyan ma'aikata da ƙwararru su duba takardar ɗaukar aikinsu, ita ke aiki a kansu. Kafin nan ka tara kuɗin cefanen aƙalla wata 3, ko ta adashi ne.

[Hoto: yamma a cikin Birnin Zariya, maɗinki na aikin babbar riga da allura]

Saura zuciya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da matsin aiki ke haifarwa da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin ka tsani aikin, da raguwar ƙwazo. In barci ya ƙaurace maka, ko gabanka na faɗuwa duk daren Lahadi, ka auna jininka. In yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, ka ga likita, kada ka tsaya ga maganin ciwon kai.

Mutane da yawa na cewa sun daina son aikinsu, alhali ogan ne ba sa so. Ga yadda za ka gane. Mako biyu, duk yamma ka rubuta aiki ɗaya da ka yi wanda lokaci ya wuce ba ka sani ba. In ka samu, ko lissafi ne, ko koyar da sabon ma'aikaci, ko gyaran na'ura, to sha'awar na nan, canjin sashe ko canjin wuri kake buƙata. In shafin ya zauna fari, ka ware awa 4 a mako don koyon wani abu. Zariya ba ta rasa wurin koyo ba: akwai karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar fasahar fata a Samaru, ga masu ɗinkin hannu a cikin Birni, ga masu gyaran waya a PZ. Ka zaɓi ɗaya, ka tsayar da ranakunsa, Asabar da safe ko bayan la'asar, ka ba shi wata 3 kafin ka yanke hukunci a kansa.