Kwaleji ko jami'a? Inda kalmar college ke rikita ɗalibai

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bashir, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci, da kuma Mahamadu, ɗan Maraɗi. Malam, wata ɗaliba ce ta aiko mana da tambaya. Tana cike fom ɗin neman tallafin karatu a Amurka, sai ta iske gurbin da aka rubuta college, ta rasa ko sakandarenta za ta sa ko jami'arta.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Ai ba ita kaɗai ba ce, Malama Hadiza. Duk cikin kalmomin nan babu mai wahalar da yara kamar college. Mu a nan idan aka ce Barewa College, kowa ya san sakandare ce. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya. Haka King's College ta Legas, wadda aka buɗe a 1909. Wannan gadon Turawan Ingila ne, don can ma Eton College makarantar samari ce 'yan sakandare.

Hadiza: Amma kuma ga kwalejin ilimi, wadda sai ka gama sakandare kake shiga.

Malam Bashir: Yauwa, kin ga ma'ana ta biyu ke nan, a ƙasa ɗaya. Can takardar shaidar malanta ta NCE ake bayarwa bayan shekara uku. To ki tsallaka Amurka. Idan uba ya ce ɗansa ya tafi college, yana nufin yaron ya gama sakandare, ya shiga karatun digirin farko. Ko jami'ar Harvard, ɓangarenta na masu digirin farko Harvard College ake kiransa.

Mahamadu: Malam, bari in ƙara muku ta huɗu. Mu a Nijar, da yake tsarin Faransa muke bi, collège ita ce makarantar da yaro ke shiga da zarar ya gama firamare. Shekara huɗu ce, a ƙarshe ya zana jarrabawar BEPC, sannan ya wuce lycée, wato babbar sakandare, shekara uku ya yi jarrabawar BAC. Lokacin da na zo Kano na ji wani magidanci da gemunsa yana cewa a kwaleji yake karatu, wallahi na ɗauka bai samu shiga boko da wuri ba ne. Ashe NCE yake yi.

Hadiza: Ikon Allah! To Malam, ita university fa?

Malam Bashir: Ita da sauƙi. Jami'a ce mai ikon ba da digiri da sunanta, tun daga na farko har zuwa na dakta, kuma ana bincike a cikinta. Wannan ikon shi ne ƙashin bayan maganar. Dubi Ibadan: a 1948 University College aka kira ta, don digirin na jami'ar Landan ne. Sai a 1962 ta tsaya da ƙafarta. Mu ma a Kano, Abdullahi Bayero College a ƙarƙashin jami'ar ABU ta Zariya take, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A Oxford kuwa kwalejoji sama da 30 ne a cikin jami'a guda. A kwaleji ɗalibi yake kwana, ya ci abinci, ya gana da malaminsa, amma jami'a ce ke ba shi digiri.

Mahamadu: Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne school. Na ɗauka ta yara ce kawai.

Malam Bashir: A Ingila galibi haka ne, ba ka cewa ɗan jami'a yana school. Ba'amurke kuwa zai faɗa ko a jikinsa. Duk da haka London School of Economics jami'a ce ta ji da gani. Haka institute: MIT ta Amurka ba ta da kalmar university a sunanta, alhali tana cikin manyan jami'o'in duniya. Academy ma haka take. Ƙaramar makarantar kuɗi a unguwa tana iya laƙaba wa kanta sunan, NDA ta Kaduna, mai horar da hafsoshin soja, ita ma da shi take amsawa, ga ta tana ba da digiri. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga iyaye sun biya kuɗi don sunan da ke jikin allo, ba su tambayi wace takarda ake bayarwa ba, kuma wace hukuma ce ta amince da ita.

Hadiza: Polytechnic dai ba ta da rikici, ko?

Malam Bashir: A Najeriya babu, difloma ce, ND da HND. Na Ingila kuwa an mayar da su jami'o'i tun 1992. Wadda nake so ɗalibai su kiyaye ita ce faculty. Mu tsangaya muke nufi, kamar tsangayar shari'a. A Amurka yawanci malaman ake nufi, su mutanen.

Hadiza: To mu koma kan mai tambayarmu. Me za ta rubuta?

Malam Bashir: Tunda fom ɗin na Amurka ne, jami'arta za ta sa a gurbin college. Sakandarenta kuwa, ko da sunanta Government Girls College, ta nemi inda aka rubuta high school, can ne wurinta.

Hadiza: Madalla. Allah ya ba ta sa'a. Malam, Mahamadu, mun gode ƙwarai.