Maganinka da Aikin Hajji: Laccar Wani Likita a Wajen Bitar Maniyyata

An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa a wajen bitar.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai sun gama da ku kan ihrami da ɗawafi, ni nawa ɓangaren jiki ne. Masu hawan jini da masu ciwon suga, ku ɗaga hannu. To, kun gani, kusan rabin ɗakin nan. Baba na can baya, na ga ka ɗaga ka yi sauri ka sauke, ai ba abin kunya ba ne.

Abu na farko, magani ba ya shiga babbar jaka. Babbar jaka tana iya yin kwana uku ba ta iso masauki ba, kai kana Madina ita tana Jidda. Ka sa shi a jakar hannu, wanda zai ishe ka duk zaman, da ƙarin na mako biyu, don jirgin dawowa ba ya da tabbas. Kuma a bar shi cikin kwalinsa. Hajiyoyinmu kan ɓare ƙwayoyin duka su zuba a leda ɗaya, fari da ja da ruwan ɗorawa, su ƙulle a bakin zani. Idan kika faɗi a Mina, likitan da zai duba ki ba zai gane "ɗan farin nan na safe" ba. Amlodipine na hawan jini ya sani, metformin na ciwon suga ya sani. Ki sa likitanki ya rubuta sunan maganin da adadin da kike sha, takardar ta zauna tare da katin rigakafinki na sanƙarau da shawara.

Masu allurar insulin, ku saurara da kyau. Zafi yana kashe ta, ƙanƙara ma haka. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, mutum sama da 1,300 suka rasu. Allurar da ba a buɗe ba, firji. Wadda ake amfani da ita, a ɗan fulas mai sanyi, amma kada ta taɓa ƙanƙarar. Ranar jifa kuma, tafiya ce mai nisa, suga yakan sauka. Ka ji hannu na rawa, gumi mai sanyi, ido na ganin dishi-dishi, tsaya ka ci dabino uku tukuna.

Wanda ya fi damuna shi ne mai daina shan magani da gangan. Maganin hawan jini yana sa shi yawan fitsari, layin banɗaki a Mina ga shi nan kamar na gidan mai, sai ya ajiye maganin, ya rage shan ruwa. Zamzam waraka ne, mun yi imani, amma ba a ce ka jefar da ƙwayarka ba. Ka je wa likitanka tun yanzu ya duba ko za a sauya maka lokacin sha.

Sai maganar saƙo. Tramadol da kodin, Saudiyya ba ta wasa da su. Kun tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a ƙarshen 2018, ta yi wata huɗu a tsare kan ƙwayoyin da aka samu a jakar da ba tata ba. Ko ƙanin babanka ne ya ce ga ɗan ƙulli ka kai wa wane, ka ce ya buɗe a gabanka. Goro ma dai an hana, na san wannan ya fi yi wa wasu zafi.

Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, wannan ba zai dami yawancinku ba wajen lokacin shan magani. Hajiya mai koren mayafi, na ga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata makirfo.