Daga Bamako zuwa Venise: yadda zane ke ƙetare iyaka

Laccar da aka yi wa matasa masu zane a Yamai, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamai, ƴan'uwa masu zane, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji? To madalla.

Mutum guda zan ɗauka, maƙwabcinmu ne, Abdoulaye Konaté na ƙasar Mali. An haife shi a Diré a 1953, ya koyi zane a Bamako, ya je Havana ta ƙasar Kuba ya ƙaro ilimi. A 1996 ya ci babbar kyautar Dak'Art, baje kolin zane na Dakar. A 2007 ayyukansa suka shiga documenta, babban baje kolin zane na Kassel ta Jamus, a 2017 kuma suka shiga na Venise ta Italiya. Ku lissafa da kanku: shekararsa 43 lokacin kyautar Dakar, kuma a Afirka ƙofar ta fara buɗewa. Mai gaggawa ya riƙe wannan.

Da me yake aiki? Da shadda, wannan dai da muke ɗinkawa da salla. A rina ta, a yanka siri-siri, teloli su ɗinka jeri bisa jeri har ta rufe bango. Kyanta daban, amma ku dubi wani amfanin: tana naɗuwa.

Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake aunawa ba, har da wurin da kaya ya cinye. Ana ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita, a raba da 6000. Tablo a cikin akwatin katako mai 160 da 130 da 20, kilo 69 za a caje ku, ko da a sikeli bai kai 30 ba. Cire shi daga firam, naɗe shi a bututu mai 140 da 15 da 15, lissafin ya dawo kilo 5 da ɗoriya. Wasu kamfanonin aike da 5000 suke rabawa, sai ku tambaya tun kafin kafinta ya buga ƙusa.

Naɗin ma yana da ƙa'ida. Fuskar fenti waje take kallo. In ta kalli ciki, fentin ya matse, ranar warwarewa ya tsattsage. Bututun da ake naɗawa a kai kada faɗinsa ya gaza santimita 10. Kada leda mai ƙurajen iska ta taɓa fenti, da zafin nan namu tambarinta zai zauna daram. Fentin mai kuwa, bushewar samansa yaudara ce, cikinsa sai ya yi watanni.

In ba makawa sai akwati, Turai da Amurka ba sa karɓar ɗanyen katako sai an gasa shi, zafin ya kai digiri 56 har cikinsa na minti 30, an buga masa hatimin NIMP 15, saboda ƙwari. Kontraplake bai shiga wannan doka ba. Firam ɗin da aka haɗa a bushewar hunturun Yamai kuma, da ya sha laimar Dakar sai ya karkace, gara a buga sabo a can.

Masu sa fata da layu a jikin aiki, a kula. Fatar akuya da sauƙi, amma fatar kada ko ta mesa, balle hauren giwa, yarjejeniyar CITES, ta duniya a kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hau kansu. Duwan za ta riƙe aikin gaba ɗaya, ba guntun fatar kaɗai ba.

Takardu: faktir mai sunan aiki, shekara, kayan da aka yi shi da su, tsawo kafin faɗi, da farashi. Sai shaidar hukumar al'adu cewa sabon aiki ne, ba kayan tarihi ba. In nuni kawai za shi ya dawo, a faɗa wa duwan fita ce ta wucin gadi, in ba haka ba ku biya haraji a kan kayanku ranar dawowa.

Hajiya ta tambayi kason galeri, wato masu nuna zane su sayar, a cikin kuɗin ciniki. Yawanci rabi ne, Hajiya, kuma ba zalunci ba ne in su suka ɗauki hayar rumfa da talla. A kasuwar 1-54 ta zanen Afirka na zamani, wadda aka fara a Landan a 2013, galeri ke neman rumfa, ba mai zane ba. Inda ake cutuwa shi ne miƙa aiki da baka. A rubuta guda nawa aka bayar, wata nawa za su zauna, wa ke biyan inshora da jigilar dawowa, kwana nawa bayan ciniki kuɗi zai iso, ragi nawa aka yarda a yi wa mai saye. Farashi kuma ya zama ɗaya. Yuro guda sefa 655,957 ne a rubutun faransanci, wato kusan 656. Tablon yuro 1000 a Faris jaka 656 ke nan. In mai saye ya ji kun sayar da irinsa jaka 100 a gida, galerin ce za ta ji kunya, kuma ba za ta sake kiranku ba.

An kira magariba. Maganar ɗaukar hoton aiki sai mun dawo daga salla.