Rigveda: Waƙoƙin da Aka Riƙe da Ka Shekara 3,000

Ku dubi yaron nan da ke zaune gaban malaminsa a jihar Kerala, kudancin Indiya. Babu littafi a hannunsa. Malamin ya dafa masa kai: idan murya ta hau ya ɗaga kan yaron, idan ta sauka ya sunkuyar da shi. Abin da yake biya masa ya girmi shekara 3,000.

Sunansa Rigveda, mafi tsufa cikin littattafan Veda huɗu na addinin Hindu. Waƙoƙi ne 1,028 cikin tsohon harshen Sanskirit, an kasa su kashi 10. Masana tarihi na ganin an tsara su wajen shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, a yankin Punjab da yau ya rabu tsakanin Indiya da Pakistan. Masu su makiyaya ne, shanu ne arzikinsu. Ɗaya daga cikin kalmominsu na yaƙi, gavishti, ma'anarta neman shanu.

Wuta suke hurawa, su zuba mata man shanu, masu jagorar hadaya na rerawa. Waƙa kusan 250 na yabon Indra ne, abin bautarsu na tsawa da yaƙi, wajen 200 kuma na Agni, wato wutar kanta. Vishnu da miliyoyin Hindu ke bauta wa yau, 'yan waƙoƙi kaɗan ya samu.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haddar. Ɗaruruwan shekaru ba a rubuta ko harafi ba. Ɗalibi zai haddace baiti yadda yake, sannan kalma-kalma, sannan bibbiyu: ta farko da ta biyu, ta biyu da ta uku. A mataki mafi wuya, ghana, gaba da baya ake yi: ɗaya biyu, biyu ɗaya, ɗaya biyu uku, uku biyu ɗaya, ɗaya biyu uku. Duk wanda ya san wahalar tilawa zai gane dabarar, domin kalma ba ta da hanyar zamewa.

A 2003 hukumar UNESCO ta sanya wannan karatu cikin manyan kayan gadon ɗan Adam. Cikin kwafen Rigveda 30 da ke cibiyar bincike ta Bhandarkar a birnin Pune na Indiya, mafi tsufa an rubuta shi ne a 1464. Baitin Gayatri da ke kashi na 3 kuwa, har yau Hindu na karanta shi kowace asuba.