Fodkas ɗin Bakin Tasha: gas ɗin da ke fita ta salansa

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Injiniya Zainab, ga kuma Baba Garba da ya tsufa yana jan tirela tsakanin Kano da Legas. Baba, jiya na bi bayan wata babbar mota da ta ɗauko hatsi daga Dawanau, hayaƙinta sai da ya sa na ɗage gilashi.

Baba Garba: Ai mu a zamaninmu, in mota ba ta turnuƙe hanya ba cewa muke ba ta da ƙarfi.

Zainab: Allah Ya ja kwana Baba, amma wannan baƙin hayaƙin gas ɗinku ne, wato man dizal, da kuka saya bai ƙone ba. Injin dizal ba ya aiki da fulogi irin na fetur. Iska yake zuƙa ya matse ta kamar ninki 16 zuwa 20, ta yi zafi jau, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. In iskar ta gaza, ko nozul ya daina feshi ya koma ɗigo, sai man ya fita a toka.

Bashir: Wato matsewar ce ta sa ya fi na fetur tattalin mai?

Zainab: Ita ce babba. Sannan litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da wajen kashi 10 cikin ɗari. Injin da Rudolf Diesel ya gwada a Augsburg ta Jamus a 1897, kashi 26 na ƙarfin mai ya mayar aiki, aka yi ta mamaki. Manyan motocin yanzu sun haura 40. Sauran zafi ne kawai, ya bi lagireto da salansa.

Baba Garba: Ikon Allah. Ashe fiye da rabin kuɗin maigida iska muke ɗumamawa da shi.

Zainab: Wannan kuma a lafiyayyen inji ke nan. Ku duba lokacin hunturu, ƙura ta toshe filtar iska, yaron mota ya ciro ta ya bubbuga a jikin taya ya mayar.

Baba Garba: 'Yata, ke ma kin san sabuwa ba araha take ba.

Zainab: Na sani Baba, amma bugun yana yaga takardar, ƙurar ta wuce ciki ta ci zobban fistin. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne cire tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin ruwan inji. Da mota ta shigo gareji sai a ce na ƙasar sanyi ne, a cizge a yar. Alhali an ƙera injin ne ya yi aiki ruwansa na wajen digiri 80 zuwa 90. In bai kai ba, man ba ya ƙonewa sosai, ƙarfen kuma yana saurin ci.

Baba Garba: A nan ban yarda ba. Zafin Maiduguri a watan Afrilu fa?

Zainab: In ta yi zafi a duba lagireto da fanka da bel, a can ciwon yake.

Bashir: Baba ya yi shiru, amma fuskarsa ba ta sallama ba. To maganar firi fa? Direbobi da yawa in sun zo gangara sai su cire giya, wai suna adana mai.

Baba Garba: Wannan kam ni ma ina hana yarana. Wanda ya san Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ba ya wasa da firi. Lodi na tura ka, birki ya yi zafi ya saki, giyar kuma ta ƙi komawa. Na ga abin da ba na so in faɗa a nan.

Zainab: Kuma ko man ba a adana ba. In mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, famfo yana yanke mai ne kusan gaba ɗaya, tayoyi ke juya injin. A firi kuwa dole ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Inda ake samun ragi na gaske shi ne gudu. Ka ninka gudu, iskar da ke tokare ka ta ninka sau huɗu, ga tirela faɗi kamar bangon ɗaki.

Bashir: Sai kuma barin inji a kunne.

Baba Garba: A Tafa za ka ga mota na ruri, direba yana can yana cin tuwo. Da batir ba shi da kyau ne muke haka, tsoron turi.

Zainab: Batir ya fi gas ɗin dare sauƙi. Minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya ya isa turbo, mai cusa wa inji iska, ya huce, sai a kashe.

Bashir: Wani mai sauraro daga Maraɗi ya tambayi gas ɗin jarka da ake haɗawa da kananzir. Lokaci ya ƙure, da shi za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Baba, za ka mayar da tamostat ɗin?

Baba Garba: Bari damina ta faɗi tukuna.