Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina A Sansanin Dogon Hutu Na Yara, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah, salama a gare ku baki ɗaya.

Mai girma Kwamishina, ranki ya daɗe, tare da 'yan tawagarki, mai unguwarmu Allah ya ƙara girma, malam liman, baba fasto, hedimastan makarantar nan da ya ara mana ajujuwa bai karɓi ko kwabo ba, iyayenmu mata da suke can bakin murhu tun asuba, 'yan uwana masu aikin sa kai, sai uwa uba yaranmu da saboda su aka taru, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Ranki ya daɗe sannu da hanya, sannu da sanyi. Tun cikin dare ake tafka ruwa irin na Agustan Jos mai zuwa da hazo, mun kuma san yadda hanyar shigowa nan take idan ta sha ruwa, har wasunmu sun fara raɗa cewa ƙila a ɗage ziyarar, sai ga motarki ta shigo. Wallahi da kin ga yadda yaran nan suka ruga bakin taga, masu gani suna ba marasa gani labari, masu ji suna yi wa kurame bayani da hannu, da kin san cewa zuwan nan naki ba ƙaramin abu bane a wajensu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Bari in fara da gaya miki ko mu su waye. Ba mu da ofis, ba mu da mota, babu kuma wanda ake biya albashi a cikinmu. Akwai malaman firamare da suka sadaukar da hutunsu, akwai ɗaliban Jami'ar Jos na sashen ilimin masu buƙata ta musamman, akwai masu bautar ƙasa, da ma'aikatan jinya da suke zuwa bayan sun tashi daga aikin dare, da tela, da kafinta, da masu keke napep da suke kwaso mana yara da safe kafin su fita neman na kansu. A WhatsApp muke haɗa abun da za mu haɗa, wannan ya turo dubu biyu, wancan ya ce akwai mudun shinkafa a zo a ɗauka, wani manomi ya aiko da buhun dankali daga Bokkos, wata baiwar Allah ta kawo barguna da rigunan sanyi na gwanjo ta wanke su tas ta goge. Da haka da haka har muka kai sati na biyu yau, kuma babu ranar da yaro ya koma gida bai ci ya ƙoshi ba.

Me ya sa a dogon hutu? Saboda a nan ne bambancin yake fitowa fili. Ɗan mai hali idan an yi hutu sai a sa shi lesin ko a tafi da shi Abuja wajen dangi. Ɗan talaka tire ne a kansa, ya bi Taminus da Farar Gada yana tallan gyaɗa da dafaffiyar masara, ko ya bi abokai zuwa kududdufan da haƙar kuza ta bar mana, waɗanda duk ɗan Jos ya san yadda suke cika da damina kuma ya san abun da suke ci. To yaro mai nakasa fa? Shi ko tallan ma ba ya samu, ɗaki ne kawai, ko kuma a tura shi bakin titi da kwano. Waɗanda suka yi sa'a suna makarantar kwana ta kurame ko ta makafi, idan suka dawo gida sai su tarar babu mai iya magana da su, yaro ya yi sati shida ko bakwai a cikin 'yan uwansa na jini amma ba wanda ya tambaye shi yaya makaranta, ba don ba a son shi ba sai don ba wanda ya koya wa iyayen yadda za su yi.

Akwai wani yaro da nake so ki lura da shi anjima, yana zaune layin gaba da jar hula. Tun haihuwa jikinsa ba ya biye masa, wuyansa bai tsaya da wuri ba, maganarsa sai ka natsu sosai kafin ka gane. Sau uku muna zuwa gidansu. Zuwan farko mahaifiyarsa ta ce ba ya nan, alhali muna jin motsinsa ta bayan labule. Na biyu ta fito ta ce mana gaskiya, ta gaji da bakin mutane, wasu na ce mata ɗan ruwa ne a kai shi bakin rafi, wasu idan ta goyo shi sai su janye 'ya'yansu, ita kam ta haƙura ta ajiye abunta a ɗaki. Na uku sai da muka tafi da wata uwa mai irin wannan ɗan, suka shiga ciki su biyu suka daɗe, mu muna tsakar gida muna jira. Ranar da aka buɗe sansanin nan da kanta ta goyo shi, yaro ɗan shekara tara, ta sauke shi a tabarma ta koma bakin get ta zauna har aka tashi, ko ruwa ta ƙi sha. A kwana na huɗu ya riƙe alli da hannunsa na hagu, ya ja layi a allo, ya sake ja, malamar ta riƙe masa gwiwar hannu kawai, sai ga harafin farko na sunansa. Uwar nan ta taso daga bakin get ta tsaya tana kallon allon tana share ido da gefen mayafi. Yanzu ita ce take fara zuwa kicin kullum.

Da gangan muka haɗa su wuri ɗaya, marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da makafi da kurame da masu keke. Wasu sun ba mu shawara a raba, wai aikin zai fi sauƙi, kuma gaskiya ne zai fi sauƙi, amma rabuwar ai ita ce ciwon tun farko. Kafintanmu ya samo ƙwallo ya farka ta ya zuba marafan kwalba a ciki ya ɗinke, idan tana gangarawa tana kacau kacau, masu gani a ɗaure musu ido da ƙyalle, 'yan kallo kowa ya yi tsit don a ji ƙarar. Ranki ya daɗe, yaron da duk unguwa ake ja da sanda shine ya zama wanda kowace ƙungiya take rububin samu. Sannan kin fi mu sanin garin nan, tun rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 unguwanni suka rabu, akwai yaran da aka haifa a Anguwan Rogo da Gangare da ba su taɓa taka Anguwan Rukuba ko Tudun Wada ba, haka su ma na can. A nan kwano ɗaya suke cin gwate, idan lokacin sallah ya yi yarinyar da ke zuwa coci ce take tura keken ƙawarta zuwa wajen alwala, ba mu muka ce ta yi ba.

Da safe kowa yana koyon maganar hannu, har da mu manya, iyaye ma muna roƙonsu su tsaya ko na minti talatin ne. Ana koyar da rubutun makafi na Braille, ɗigo shida ne kacal ake juyawa su ba da kowane harafi. Akwai ɗinki, akwai saƙar dutsen ado, akwai wanke hannu da goge baki. Satin da ya wuce mun kai su gidan tarihi na Jos wanda yake nan tun 1952, aka ba su labarin gumakan Nok, a wajen gine-ginen gargajiya kuma marasa gani suka bi kwaikwayon ganuwar Kano suna shafawa da tafin hannu, wani ya ce ashe haka katangar da ake faɗa a tatsuniya take da kauri.

Ranki ya daɗe, Filato ba baƙuwa bace a wannan fage. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take. Jiharmu ta yi dokar kare haƙƙin nakasassu tun 2005, da daɗewa kafin ta tarayya. Ɗan jihar nan Ayuba Gufwan, wanda shan inna ta kama tun yana yaro, ya yi shekaru yana ƙera kekunan guragu a garin nan ana rabawa kyauta, a 2024 aka naɗa shi ya jagoranci hukumar nakasassu ta ƙasa. Dokar tarayya kuma da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta faɗi abubuwa a fili: ilimi kyauta ga mai nakasa har sakandare, kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, haramta amfani da mai nakasa wajen bara, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuwa naira miliyan 1. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024.

Ga abun da ya sa na kawo maganar gini. Akwai wata yarinya a nan 'yar shekara sha uku mai keke, mai kunya ce sosai. Mun lura ba ta shan kunu, ba ta shan ruwa, har leɓenta ya bushe, nas ta ja ta gefe ta lallashe ta, sai ta ce ba ta so fitsari ya kama ta ne, saboda banɗakin yana da matakala uku kuma ƙofar ba ta cin kekenta, sai an ɗauke ta cak an shigar da ita, ita kuma ta girma. Ta ce dalilin da ya sa ta daina zuwa makaranta tun aji huɗu kenan. A daren nan kafinta da samari suka buga mata gangare na katako suka cire ƙyauren suka rataya labule, amma katako ne, damina ɗaya ta ishe shi.

Don haka roƙonmu ba mai yawa bane. Muna roƙo a taimaka a zuba gangaren siminti a faɗaɗa ƙofar banɗaki ko da guda ɗaya ne a makarantar nan, ba don sati biyun mu kaɗai ba, don idan aka koma karatu a Satumba yarinyar nan da irinta su samu inda za su shiga. Muna roƙo a ba mu takarda a hukumance ta amfani da wurin duk dogon hutu don mu daina fargabar ko bana za a ba mu. Muna neman a haɗa mu da likitan ido da na kunne da masu gashin ƙashi su zo ko kwana ɗaya ne, domin mun ga yaran da tabarau kawai suke buƙata amma an riga an yanke musu hukuncin daƙiƙanci. Akwai kekuna da suka yi wa masu su kaɗan, akwai masu jan gindi da ba su taɓa samu ba. Sunayensu da unguwanninsu duk suna cikin fayil ɗin da za mu miƙa miki, da yardar iyayensu.

Iyaye kuma, dan Allah kalma ɗaya, an ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji tun Agustan 2020, amma idan masu ɗigon rigakafi suka ƙwanƙwasa a buɗe musu, duk wanda ya ɗauki yaro zuwa banɗaki a sansanin nan ya san dalili.

Ranki ya daɗe, ba zan tsare ki da surutu ba, yaran sun matsu. Za su yi miki taken ƙasa da baki da kuma hannu a tare, sannan yarinyar da na ba ki labari ta ce ita za ta yi miki jagora zuwa ajujuwa, ta kuma ɗinka miki 'yar jaka da hannunta tana ɓoye da ita a ƙarƙashin bargo tun safe. Daga nan sai kicin, iyayenmu sun ce ba za ki fita ba sai kin ɗanɗana gwaten acca.

Maraba lale, sannu da zuwa. Bismillah, yara ku matso.