Jirgin da ya wuce gida cikin dare: labarin Lady Be Good

Ku ƙaddara kuna kallon Lady Be Good a tsakiyar hamadar Libiya. Jirgin yaƙi ne na Amurka, samfurin B-24 mai inji huɗu, kwance a kan rairayi, ya karye gida biyu. Ba kabari kusa da shi, ba gawa a cikinsa. Mutanen da suka isa wurin a 1959 sun tarar da bindigoginsa suna aiki, rediyonsa ma da ransa, ga abinci ga ruwan sha. Shekara 16 ke nan yana kwance, amma saboda bushewar hamada kai ka ce jiya ya faɗi. To ina mutum taran da ke cikinsa?

Mu koma ranar 4 ga Afrilu, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Jirage 25 aka tsara su tashi daga filin Suluk, kudu da Binghazi a Libiya, su je su yi ruwan bama-bamai a tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Guguwar rairayi ta taso, ta shiga injina, jirage da yawa suka juya. Lady Be Good yana cikin na ƙarshen tashi, don haka bai cimma ayarin ba. Matuƙinsa Laftanar William Hatton, kuma shi da mutanensa takwas wannan ce fitarsu ta farko fagen daga.

A hanyar dawowa, sha biyun dare ta ɗan gota, Hatton ya kira ta rediyo ya ce na'urarsa mai nuna hanya ta daina aiki, a taimaka masa da saiti. Aka ba shi. Sai dai na'urar da ke ƙasa layi kawai take iya nunawa, ba ta bambance ko jirgin yana tahowa daga teku ne ko kuwa ya riga ya wuce ta kanta. Nan fa gizo ke saƙar. Jirgin ya ratsa saman sansaninsu cikin duhu, ya nausa kudu, su a zatonsu har yanzu suna kan Bahar Rum. Ba abin zargi ba ne sosai: daga sama, cikin dare, tuddan rairayi da igiyar ruwa kusan kamarsu ɗaya.

Da mai ya ƙare, wajen ƙarfe biyu na dare, suka ɗaura laima suka diro, da rigunan iyo a jikinsu. Maimakon ruwa, ƙafarsu ta taka ƙasa, kusan kilomita 700 daga gaɓar teku. Jirgin kuwa ya ci gaba shi kaɗai har wajen kilomita 26 kafin ya zube.

Abin da ya biyo baya mun san shi ne daga ɗan littafin aljihu na mataimakin matuƙi, Robert Toner. Takwas sun haɗu ta hanyar harba bindiga da wutar alama sama. Na taran, John Woravka, bai zo ba, domin laimarsa ba ta buɗe sosai ba, nan take ya mutu, su ba su sani ba. Ruwan da ke hannunsu rabin gora ne. Mutum takwas. Kowa cikin murfin gora ɗaya a rana.

Suka yanke shawarar yin arewa, tunda a lissafinsu teku na nan kusa. Suna tafe suna barin alama: takalma, rigunan iyo, yankakken ƙyallen laima an danne shi da duwatsu kamar kibiya. Rana ta gasa su, dare ya daskarar da su, rairayi ya ci idon mai kula da rediyo, Robert LaMotte, har ya daina gani. Duk wanda ya taɓa jin labarin hanyar Agadas zuwa Libiya daga bakin wanda ya bi ta, ya san abin da ƙishirwa ke yi wa ɗan Adam cikin kwana biyu kacal. Waɗannan sun yi tafiyar wajen kilomita 130 da rabin gora.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin. Yana bayansu, tafiyar yini guda, da ruwa da abinci da rediyo. Masu nemansu kuma can suke dubawa a teku.

Biyar suka kasa, suka kwanta wuri ɗaya. Uku masu sauran ƙarfi, Guy Shelley da Harold Ripslinger da Vernon Moore, suka ci gaba neman agaji. Rubutun Toner na ƙarshe na ranar Litinin ne, 12 ga Afrilu: har yanzu ba taimako, dare ya yi sanyi ƙwarai.

Ba soja ne suka gano jirgin ba, masu neman man fetur ne 'yan Ingila, da suka hango shi daga sama a Nuwamba 1958. A Fabrairu 1960 aka tarar da gawar biyar ɗin nan tare da littafin Toner. Cikin shekarar aka samu Shelley da Ripslinger can gaba, kowa shi kaɗai, sai Woravka a Agusta, laimarsa na jikinsa. A 1994 gwamnatin Libiya ta kwashe ragowar jirgin zuwa Tubruk. Vernon Moore kuwa, har yau a takardun sojan Amurka, ba a same shi ba.